Tambaya da Amsa: Daɓen katako a garin yashi da hunturu

Daɓen katako bai yawaita a Damagaram ba. Galibin ɗakunanmu siminti ne ko karo, wato tayil, a wasu tsofaffin gidaje kuma har yanzu akan tarar da daɓen ƙasa wanda aka buga da makuba. Duk da haka ana samun katako a saman wasu benaye, a matakala, da kuma falukan wasu sababbin gidaje, masu shi kuma sukan rasa wanda za su tambaya, domin kafintocinmu sun fi gogewa a kan ƙofa da gado da kujera. Wasiƙu huɗu suka taru a kan wannan batu, shi ya sa muka ba su filin wannan fitowa baki ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Marigayi maigidana ya bar mana bene a unguwar Birni, an shimfiɗa wa ɗakin sama jan katako kusan shekara ashirin ke nan. Duk lokacin hunturu sai katakan su rabu da juna, tsaga ta buɗe har tsabar dala ashirin tana iya shiga a tsaye, yashi kuma ya cika ta. Babban ɗana ya ce a kwaɓa siminti a toshe. Ni kuwa kullum ina sa yara su wanke ɗakin da ruwa da omo, amma sai ƙara dusashewa yake yi. Mene ne abin yi? Daga wata uwargida, Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa albarka a abin da ya bari. Kafin komai, ki dakatar da maganar siminti, ki kuma sa yara su ajiye bokitin nan daga yau.

Tsagar da kike gani ɗabi'ar katako ce. Ko ya shekara hamsin da sarewa, katako ba ya daina shan danshin iska da fitar da shi; idan ya sha sai ya kumbura, idan ya fitar sai ya tsuke, kuma a faɗinsa wannan motsi yake faruwa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. A garinmu tazarar tana da yawa ƙwarai, domin a watan Agusta danshin iska kan haura kashi 60 cikin 100, a Fabrairu da Maris kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da ke cikin ɗaki yana bin wannan sawu, ruwan jikinsa ya tashi daga wajen kashi 11 ko 12 da damina ya koma wajen kashi 4 ko 5 da rani. A wannan tsakani falle mai faɗin santimita 10 yana iya rage milimita ɗaya zuwa biyu, wato kusan kaurin tsabar da kika ambata.

To, idan aka toshe tsagar da siminti cikin hunturu, da zarar damina ta kankama katakan za su nemi komawa wurinsu su tarar an cike shi. Sai bakinsu ya murƙushe, ko tsakiyar ɗakin ta tashi kamar tozo, ƙusoshi su zazzaro, simintin kuma ya farfashe ya zama tsakuwar da za ta riƙa kartar daɓen. Haka ma kwaɓin gam da dusar katako da wasu kafintoci ke cusawa a watan Janairu, shi ma damina ke turo shi waje.

Abin da ya dace shi ne ki yi haƙuri har ƙarshen Agusta, ki zagaya ɗakin da alli a hannu. Duk tsagar da ta rufe da kanta ki rabu da ita. Wadda ta ci gaba da zama a buɗe a lokacin da katako ya gama kumbura, ita ce ke buƙatar gyara, sai ki yi mata alama. Kafinta ya feƙe ƴan siraran katako irin na daɓen, ya shafa gam a gefe ɗaya kawai, ya buga su a ciki, domin ɗaya gefen ya samu damar motsi. Akwai kuma wani ɗan aiki da mutane ke rainawa alhali shi ne ya fi amfani a nan: kafin ruwan farko, a bi tsagogin da siririn tsinke da buroshi a fitar da yashin da hunturu ya zuba, saboda wannan yashi shi ne ke hana su haɗuwa, shekara bayan shekara yana ƙara musu faɗi. Ratar da ke tsakanin katako da bango kuwa, wadda masu shimfiɗawa ke bari santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da gangan aka bar ta, kada wani ya cike ta da sunan kwalliya.

Game da wanki, ruwan da ake kwarara wa daɓen yana bi ta tsagogi ya kwanta a ƙarƙashi, inda iska ba ta kaiwa, ƙasan katako ya jiƙe samansa ya bushe, falle ya lanƙwashe kamar kwami. Omo da ruwan jabel, wato bilic, kuma suna cin man da aka shafa a sama, shi ya sa kike ganin dusashewar. Shara da tsintsiya mai laushi kowace rana ta wadatar, sau ɗaya a mako kuma a goge da tsumman da aka matse har ba ya ɗiga, a bi da busasshe. A ajiye tabarma a bakin ƙofa, takalma su tsaya a gindin matakala kamar yadda muka saba tun asali, domin yashi a ƙarƙashin takalmi aikin samfefa yake yi. Kada kuma a shafa man gyaɗa ko man kaɗanya don neman ƙyalli. Ba sa bushewa, suna kama ƙura, suna jawo kiyashi, kuma duk ranar da aka zo shafa sabon mai ba zai kama ba. Maganar maido da hasken daɓen tana cikin amsar da ke biye.

Tambaya: Na sayi gida a Sabon Gari, falonsa katako ne, mita huɗu a kan mita huɗu. Tsohon man da aka shafa ya ɓaɓɓare a wajen ƙofa, sauran wurin kuma duk zane-zanen ƙafar kujera ne. Wani kafinta ya ce zai kankare shi da injin nan na hannu da masu walda ke goge ƙarfe da shi, ya shafa berni, wato man nan mai sheƙi da ake shafa wa katako, rana ɗaya a gama. Shin in ba shi aikin? Idan kuma ba haka ake yi ba, yaya ake yi, kuma a wane lokaci? Daga wani malamin makaranta, Sabon Gari.

Amsa: Malam, kada ka bari wannan inji ya taɓa falonka. Na taɓa shiga wani ɗaki da aka yi wa irin wannan aiki, da hantsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan daɓen. Ko'ina zanen rabin da'ira ne kamar an jera sawun kofato, wasu wuraren sun yi baƙi saboda zafin gugar ya ƙona itacen, idan ka shafa da tafin hannu kuma sai ka ji kwari da tudu. Bernin da aka zuba a kai ƙara fito da su ya yi. Injin yana juyawa da gudun da aka yi domin ƙarfe, yana kuma yanka ta kowace fuska, alhali katako ana bin tsawonsa ne.

Ka fara da sanin ko daɓen yana buƙatar kankara gaba ɗaya, domin kowace kankara tana cinye wajen rabin milimita zuwa milimita ɗaya, kuma katakon da ake haɗawa da harshe da kwarmi, wato bakin wannan falle ya shige cikin na wancan, naman da ke saman harshen bai cika wuce milimita 6 ba. Ke nan sau ƙalilan ne za a iya kankare shi a duk tsawon rayuwarsa. Ka zuba cokali ɗaya na ruwa a wurare uku ko huɗu. Inda ruwan ya dunƙule ya tsaya, man yana nan da ƙarfinsa. Inda ya nutse cikin ƴan mintoci ya bar duhu, man ya ƙare, itacen a fili yake. Sannan ka goga tsumma mai ɗan tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, a wani lungu: idan ya ɗauko abu mai danƙo ruwan ƙasa-ƙasa, an taɓa shafa kaki, berni kuwa ba ya kama kan kaki sai an cire shi tas. Idan ruwa bai nutse ko'ina ba kuma babu kaki, aikin mai sauƙi ne, a bi saman da samfefa mai lamba 120 ko 150 a kashe ƙyallin kawai, a share, a shafa sabon mai sau ɗaya ko biyu. Wannan shi ne abin da nake sa ran zai ishi ɗakin Hajiya ta Birni. Naka kuwa, tun da ya riga ya ɓaɓɓare, sai an koma har kan itace.

Ga yadda aikin yake tafiya. A fitar da kaya duka, a bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya a nutsar da kawunansu milimita biyu ko uku, domin kan ƙusa yana yaga samfefa, yana kuma iya tayar da tartsatsi cikin dusar katako. A fara da samfefa mai kaushi, lamba 40, har tsohon man ya fita, a koma 60, sannan 80, a ƙare da 100 ko 120. Kowace lamba aikinta shi ne goge zanen da ta gabanta ta bari, saboda haka wanda ya yi tsalle daga 40 zuwa 120 don ya rage kuɗi zai ga zanen 40 ɗin a ƙarƙashin berni har abada. Idan an samu injin samfefa mai bel, madalla, amma kada ya tsaya wuri ɗaya yana aiki ko na daƙiƙa biyu. Idan ba a samu ba, falo mai murabba'in mita 16 bai fi ƙarfin mutum biyu ba, su naɗe samfefa a guntun katako mai shafaffen ciki, su bi tsawon falle, su ba aikin kwanakinsa. A share tsakanin kowace lamba da mai bi mata.

Masu aikin su sa takunkumi na kirki, ba ƙyallen rawani ba. Ƙurar loko, wanda ƴan katako ke kira iroko, an san ta da jawo ƙaiƙayin fata da sarƙewar numfashi, kuma idan akwai tsohon fenti a daɓen yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Yara da mai juna biyu su kaurace wa sashen har a gama a share.

Mai iri uku ne za ka zaɓa a ciki. Berni mai haɗin mai yana jure taku sosai, yana ba katako launin zuma, amma yana da wari kuma kowane shafi yana son kwana guda kafin a ƙara wani. Berni mai haɗin ruwa yana bushewa cikin awa biyu zuwa huɗu, ba ya canja launin itace sosai, sai dai a busasshiyar iskarmu yakan bushe a bakin buroshi tun kafin ya kwanta, don haka yana son hannu mai sauri. Na uku shi ne man da ke nutsewa cikin itace, irin dafaffen man linzit, wato man ƙwayar wani tsiro da ke bushewa idan an shafa shi, wanda ake bi da kakin zuma. Ba ya ɓarewa, ana iya gyara wuri ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba, amma yana neman sabuntawa kusan kowace shekara kuma ba ya tare ruwa kamar berni. A falon da baƙi ke shiga, ni berni mai haɗin mai nake zaɓa, kuma wanda ba shi da ƙyalli sosai, domin mai sheƙi kamar madubi yana tona kowane ƙwayar yashi da kowane zane. Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne bernin kujeru da gadaje mai bushewa nan take, wanda shi ne ya fi yawa a hannun kafintoci. An yi shi ne don abin da ba a takawa, a ƙasa kuwa ba ya daɗewa yake farfashewa. Ka karanta jikin gwangwani ka tabbata an rubuta na daɓe ne.

Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, shafi uku ake so, saboda haka lita 5 za ta ishi falonka. Idan katakon loko ne, a goge shi da tina kafin shafin farko, domin yana da maiƙo a jikinsa da ke hana berni kamawa da bushewa. A shafa siriri-siriri ana bin tsawon falle, a fara daga ƙuryar ɗaki a ƙare a bakin ƙofa. Tsakanin shafi da shafi a ɗan bi da samfefa mai laushi, lamba 220, a ɗauke ƙurar da tsumma. Bayan shafin ƙarshe a bar shi kwana biyu kafin a taka da ƙafa, kwana uku zuwa huɗu kafin a shigo da kujeru, kuma ɗaukarsu za a yi, ba ja ba, a manna wa ƙafafunsu guntun bargo ko fata. Darduma da kafet su jira wata guda, domin berni mai haɗin mai yakan kai kwana 30 kafin ya gama ƙarfi. Tsummokaran da suka sha mai, musamman man linzit, kada a dunƙule su a lungu, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. A shanya su a baje a tsakar gida ko a nutsar da su a ruwa.

Lokaci kuwa, kaka ce ta fi, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko. Da hunturu ƙura tana shiga ko an rufe tagogi, ta zauna a kan ɗanyen berni ya bushe da ƙuraje. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, saman man yana bushewa kafin cikinsa, ya yi kumfa da sawun buroshi. A tsakiyar damina kuma yakan ƙi bushewa. Ko a kakar ma a yi shafin da sassafe, a kashe fanka, a rataya jiƙaƙƙen zane a wajen taga ya tare ƙura iska kuma ta samu hanya. Duk wanda ya ce maka rana ɗaya za a gama, bai shirya yin waɗannan ba.

Tambaya: Mun shimfiɗa leda a kan katakon shagonmu don kare shi. Da muka ɗaga ta bana sai muka tarar gara ta yi hanyoyi a ƙarƙashi, falle biyu sun zama kamar biskit. Maƙwabta sun ce a kwarara baƙin mai da gazuwal. Yana magani? Daga wani ɗan kasuwa, Magarya.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ledar ce ta yi wa garar shimfiɗa, domin ta tare danshin da ke tasowa daga ƙasa, ta haɗa mata duhu da laima, abubuwa biyu da ba ta rayuwa sai da su. Garar da ke cin gini a ƙasarmu gidanta yana cikin ƙasa, waɗannan hanyoyin laka da ka gani su ne titinta zuwa abinci, saboda haka kashe wadda ke cikin katako kaɗai ba ya raba ka da ita.

Ban goyi bayan baƙin mai ba. Yana ɗauke da guggubin ƙarafa da sinadaran da ke jawo ciwon daji, ba ya bushewa, da bazara warinsa zai shiga kayan da kake sayarwa, haɗe da gazuwal kuma ka mayar da shagon makamashi. Bayan haka babu wani berni da zai sake kama wannan katako. Ka cire ledar gaba ɗaya, ka bi falle-falle kana ƙwanƙwasawa da gindin sukudireba. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye cikinsa yana ƙara kamar ganga. A ɓalle duk wanda ya lalace a ƙone shi, a kankare hanyoyin lakar, a bi su har inda suka fito, a kuma nemo inda ruwa ke shiga, ko indararo ne ke zuba a gindin bango ko famfo ne ke yoyo. Ƙasan wurin a kira mai aikin feshi wanda ya san sana'arsa ya zuba maganin gara, kuma kada a yi amfani da maganin ƙwarin gona a cikin shago. Katakon da ya rage da sabon da za a sa a shafa musu ruwan boraks, wani farin sinadari mai kashe ƙwarin katako, ta kowace fuska tun suna tsirara, su bushe sarai kafin a shafa mai, kuma kada itace ya sake taɓa ƙasa kai tsaye. Siminti a ƙasa, sannan abin tare danshi, sannan katako.

Wajen sayen madadi, ka guji farin katako mai taushi, shi ne tuwon gara. Loko da kawo suna jure mata, haka ma ƙirya, wadda saboda taurinta ake sassaƙa turmi da ita, kuma wannan juriya ce ta sa magabata suka riƙe azarar giginya wajen rufin soro. Sai dai ko a waɗannan, farin gefen da ke kusa da ɓawo gara tana cinsa, jan ciki ne mai ƙarfin. Katakon da ke zuwa mana daga ƙasashen kudu yana isowa da danshin can, don haka a jera shi cikin inuwa, da ƴan sanduna tsakanin falle da falle, ya yi makonni yana sabawa da iskarmu kafin a buga masa ƙusa.

Tambaya: Garwashi ya faɗo daga kaskon turaren wuta ya ƙona mini wuri kamar faɗin ɗan yatsa, kuma inda nake ajiye butar ƙarfe ya yi baƙin zobe. Sai an kankare ɗakin duka? Daga wata amarya, Zango.

Amsa: A'a, amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ƙunar, a kankare baƙin a hankali da bakin reza har itace mai lafiya ya bayyana, a bi da samfefa lamba 120 sannan 220, a ɗiga irin man da ke kan daɓen da ƙaramin buroshi sau biyu ko uku. Idan ramin ya yi zurfi a fara cike shi da gam da dusar katako mai launin daɓen, a nan kam ya halatta tun da ba tsaga ba ce.

Zoben kuwa haɗuwar ruwa da ƙarfe ne da wani sinadari mai ɗaci da ke jikin jan katako, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ya sa ya yi baƙi kamar tawada, kuma samfefa kaɗai ba ta cika fitar da shi ba. A kankare man wurin, a shafa asid oksalik, wani farin sinadari mai cire tabon ƙarfe, da aka narkar a ruwan ɗumi, a bar shi ya bushe, a goge da ruwa mai tsabta sau biyu, a jira kwana ɗaya kafin a maido da mai. Guba ne, a sa safar hannu, a ɓoye shi daga yara. Daga nan ki samar wa kaskon faranti mai faɗi da ɗan yashi a ciki, butar kuma ta koma kan tasar roba a wajen ƙofa.